Abin da Ya Tsayar da Mu a Hanyar Kazaure

Ina tsugune gaban murhu da hantsin wata Juma'a, na miƙa hannu zan sauke tukunyar wake, sai na ji wani abu ya tsage a cikin marata. Ba irin ciwon naƙuda ba ne. Naƙuda na san ta, na yi ta a haihuwarki, Ummi. Tana zuwa ta tafi, ta bar wa mutum wurin numfashi. Wannan kuwa zuwa ya yi ya zauna. Cikina ya ɗaure tamau, na dafa shi na ji shi da tauri kamar bayan ƙwarya. Ɗan da tun asuba yake naushina a haƙarƙari ya yi tsit. Da na yunƙura na miƙe sai na ji ɗumi yana bin cinyata, na duba ƙasa na ga jini ya riga ya kai dunduniyata, ba ja ba, baƙi-baƙi. Cikin yana wata takwas da 'yan kwanaki.

Ummi, ke nake rubuta wa wannan. Shekarunki uku yanzu, ba ki san komai ba sai neman ƙuli-ƙuli da bin kaji. Na san ba a san uwa da zaunar da 'yar fari ta yi mata dogon zance ba, shi ya sa na zaɓi takarda. A gidan nan za ki girma, kuma za ki ji ana cewa ƙaninki ya mutu ne saboda uwarki ta tsaya gyaran mota a hanya. An riga an fara faɗa, na ji da kunnena a gidan suna, ba su san ina bayan labule ba. Ba zan ce miki ƙarya suke yi ba, don kuwa na tsayar da mu ɗin. So nake ki san yadda aka yi, daga bakina, tun ban fara mantawa ko gyara labarin ba. Wata biyar ke nan, amma har yau in na ji ana ta murza makullin mota ta ƙi tashi, sai na nemi wuri na zauna.

Sai na koma baya kaɗan kafin ki gane. Kakanki, Babana, mai gyaran wutar mota ne a Kazaure, irin waɗanda ake kira rewaya. Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce ta biyu. Ina aji uku a sakandare idonsa ya fara rauni, launin wayoyi ya fara gagararsa, ja da ruwan ƙasa duk ɗaya suke a wurinsa. Ni ce mai kai masa abinci in na taso daga makaranta, sai ya riƙa tsayar da ni. Ya zaro waya daga cikin damin wayoyi ya ce, Zulai, wannan wace iri ce? In ce shuɗiya mai ratsin fari, Baba. Ya ce to bi ta da yatsa ki gaya mini inda ta shige. Ba wanda ya taɓa kira na 'yar koyo, ni ma ban ɗauki kaina haka ba. Amma shekara uku ina zama idonsa, kuma duk abin da hannunsa ya yi bakinsa yana faɗa. Ba abin da ya tsana kamar ya buɗe akwatin fiyus ya tarar an ɗaure ƙonanne da waya. Sai ya ajiye filaya ya dubi direban.

"Fiyus ba ya ƙonewa don ƙeta. Akwai inda wuta take zuba a ƙarfe, shi ne ya tsinke don kada wayar ta kama. Ka ɗaure shi, ka hana shi aikinsa. Yanzu me zai ƙone a madadinsa? Motarka."

Direbobin dariya suke yi, su ce Baba rewaya ya fara wa'azi. A cikin masu dariyar har da wani dogo mai kawo tsohuwar mota doguwa daga wani ƙauye bayan Roni. Shi ne Abbanki. Ni na so shi, ba wanda ya sa ni. Baba ya rasu shekarar da na gama makaranta, bai ga bikin ba.

Motar Abbanki ita ce abincin gidan nan. Da ita yake ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Roni da Kazaure, ran kasuwa ya wuce har Babura. Injinta silinda huɗu ne, kowace silinda da nozul ɗinta mai fesa mata mai. Kowane nozul waya biyu gare shi. Ɗaya tana kawo wuta, kuma wutar duka huɗun ta fiyus guda take biyowa. Ɗayar tana tafiya zuwa ƙwaƙwalwar motar, wadda take gaya wa nozul lokacin da zai fesa. In wannan fiyus ɗin ya tsinke, ko ɗigon mai ba zai shiga inji ba. Za ki murza makulli, injin ya yi ta juyawa, amma ba zai kama ba ko za a wuni.

A kakar nan gyaɗa ta yi kyau, rumbu ya cika ya bar saura. Kakarki Inna, mahaifiyar Abbanki, ita ce ta ce a jera sauran buhunan a rumfar mota, tunda tana da rufin kwano da ƙofa. Shawara ce mai kyau a idon kowa, har da ni, don ni na share wurin. Ba wanda ya tuna cewa inda gyaɗa take nan ɓera yake, kuma mota in ta dawo daga hanya cikin injinta ɗumi ne da shi.

Kwana tara kafin Juma'ar nan ina tankaɗe a tsakar gida na ji ya tayar da motar. Injin yana ɗingishi, uku suna tafiya ɗaya tana tsallakewa. Na leƙa na ce masa,

"Abban Ummi, injin nan yana misin. Silinda ɗaya ba ta ɗauka daidai."

"Mai ne," ya ce. "Na sha na bumburutu a Babura, sun gauraya shi. Zai wuce."

"In mai ne ai duka huɗun za su yi. Wannan ɗaya ce, kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Kamar waya."

Inna tana gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, ta saki dariya.

"Oh ni 'yasu! Mace da ciki ya kai nan, kunnenta na kan inji. To bakanike, a zo a ƙarasa tankaɗen, ko shi ma sai an duba masa waya?"

Duk muka yi dariya, har ni. Kada ki ɗauka Inna muguwa ce. Ita take matsa mini ƙafafu in sun kumbura, ita take ɓoye mini hanta in an yi yanka. Bakinta ne kawai haka. Bayan kwana biyu Abbanki ya dawo yana ba da labari da alfahari, wai motar ta mutu masa dab da Babura, ya gano fiyus ne, ya zare silin waya daga igiyar tsohuwar rediyo ya ɗaure shi kamar yadda kowa yake yi a tasha, ta tashi tsaf. Na gaya masa abin da Baba yake faɗa. Ya ce ya ji, bari ya gama kwashe gyaɗar mutane, ran Asabar ta sama zai kai ta wurin rewaya a Kazaure. Na buɗe baki zan ce a buɗe bonet in duba da kaina, sai na hango Inna tana kallona da murmushi, na ji kunya na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

To, ranar Juma'ar, da na ga jinin, na kira Inna da wata irin murya da ban san ina da ita ba. Ta fito da wasa a bakinta, ta dubi ƙasa, wasan ya mutu. Ta sunkuce ki ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga, ta ɗauko jakar kayan haihuwar da na haɗa tun wata bakwai. Abbanki ya riga ya sa fararen kayansa zai tafi masallaci, da su ya ɗauke ni ya sa a bayan mota. Muka tsaya a ƙaramin asibitin ƙauye. Ma'aikaciyar ta taɓa cikina, ta ɗora abin sauraro ta daɗe tana lalube.

"Zuciyar ɗan tana bugawa, amma a hankali," ta ce. "Ku wuce Kazaure yanzu-yanzu. Jini take buƙata, kuma ina jin sai an yi aiki. Kada ku tsaya ko'ina."

Daga ƙauyenmu sai an yi tafiya a burji, a ratsa tsakanin duwatsu, kafin a hau kwalta a Roni. Ina kwance a kujerar baya, kaina a cinyar Inna, tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Rana ta take tsaka. Hanya ba kowa, ko mai babur, duk maza sun riga sun wuce Juma'a. Muna cikin duwatsun nan motar ta faɗa wani rami da ruwan damina ya ci, ta yi tsalle, sai injin ya ɗauke ɗif. Ba tari, ba jijjiga. Muka gangara kaɗan muka tsaya. Abbanki ya murza makulli, injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya ɗaga wayarsa sama ya juya ta ko'ina, ba sabis. Ya fita a guje ya buɗe bonet.

"Fiyus ɗin ne," ya ce. "Silin ya narke. Minti ɗaya."

Na ji shi yana murɗa wani, wannan karon sili biyu. Ya zagayo ya murza makulli. Ko juya injin bai kai ga yi ba na ji tas daga gaba, sai warin ƙonanniyar roba ya shigo ta taga. Ya ce innalillahi, ya buɗe aljihun gaban mota yana watsar da tarkace. Da na ɗaga kai na ga abin da ya ɗauko, ƙusa ce, yana lanƙwasa ta da filaya.

Ummi, ban san daga ina ƙarfin ya zo mini ba. Na ce,

"Kada ka sa ƙusar nan."

"Zulai, kwanta. Ita ba za ta narke ba."

"Shi ya sa. Da can wayar taɓa ƙarfe take ta saki. Yanzu ta manne, ka ga ko sakan ɗaya silin bai yi ba. In ka sa ƙusa wutar ba za ta kai nozul ba, ƙarfe za ta bi. Wayar cikin inji ce za ta yi ja ta kama."

"Ke yarinyar nan!" Inna ta daka mini tsawa, hawaye na zuba a fuskata daga tata. "Jini kike zubarwa! Ki bar shi ya tayar da motar!"

"Inna, ga jarkar mai nan a bayan kaina, da leda aka toshe bakinta. Injin nan duk maiƙo ne. In ta kama ku za ku iya gudu. Ni fa?"

Abbanki ya ajiye ƙusar. Na ji kukan wani tsuntsu a kan dutse. Na san motocin da suka yi mako da ƙusa a gurbin fiyus ba abin da ya same su, na kuma ga biyu da aka jawo rumfar Baba ba abin da ya rage sai ƙarfe. A lokacin na tabbata da abin da na faɗa. Yanzu kuwa akwai ranakun da tabbacin yake guje mini, in zauna ina ta sake jin wannan tas ɗin a kunnena ina auna shi.

Abbanki ya ce zai ruga Roni da ƙafa. Na ce kafin ya je ya samo mota ya dawo, ni na san abin da nake ji a jikina. Na ce ya ba ni hannunsa kawai, ni zan gaya masa abin da zai yi. Ya tsaya yana kallona, fararen kayansa duk jinina. Sannan ya ce, faɗi.

Na sa ya ciro ƙwan fitilar birki na baya. Na sa ya yanko waya biyu daga ragowar igiyar rediyon, ya naɗa ɗaya a jikin gindin ƙwan, ɗayar a danne ta da yatsa a ɗan tsinin ƙarshensa, sauran bakunan biyu ya cusa su a ramukan da fiyus yake zama. Dabarar Baba ce. Ƙwan yana tare wutar, ba ya barin ta yi yawan da za ta ƙona waya, kuma yana nuna wa mutum abin da ido ba ya gani. In wuta tana zuba a ƙarfe zai haska da ƙarfinsa duka, in aka raba wurin sai ya dushe. Amma sai an sami mai riƙe ƙwan yana kallo, shi kuma hannunsa biyu suna cikin inji. Ni ko zama ba na iyawa. Na ce,

"Inna, sai ke."

"Ni? In bar ki?"

"Ki ninke zani ki sa mini a kai. Ki riƙe ƙwan, ki danne wayar, kada ki saki. Duk abin da ya yi ki faɗa da ƙarfi in ji."

Tsohuwar nan da ba ta taɓa leƙa cikin inji ba ta zare cinyarta daga ƙarƙashin kaina, ta fita tana salati. Aka bar ƙofar a buɗe. Abin da nake iya gani rufin mota ne kawai da wani yanki na sama. Na ce ya murza makulli mataki ɗaya, kada ya tayar.

"Ya kama!" in ji Inna. "Ya kama fes! Wayyo, zafi gare shi."

"Ki kama da bakin mayafi. Abban Ummi, cire soket ɗin nozul na farko, na wajen gaba."

Na ji ƙas. Na ce Inna, ya canza? Ta ce yana nan yadda yake. Na biyu. Yana nan. Na uku ya yi gardama, ya daɗe yana fama da shi yana tsaki, don harshen soket ɗin ya bushe. Ina kwance ina jin jinin yana fita a hankali, ba ya tsayawa, zanin da ke ƙarƙashina ya jiƙe ya fara ɗiga a ƙasan mota. Ƙishirwa ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba ko a azumin bazara. Ga rana tana dukan kwanon mota, ni kuma sanyi nake ji har haƙorana suna haɗuwa. Na dafa cikina na ce masa a zuci, ka yi haƙuri, ka jira ni kaɗan. Bai motsa ba. Na uku ya fita, ƙwan yana nan. Na huɗu, ƙwan yana nan.

"Duk na cire, ba abin da ya canza!" Muryarsa ta fashe. "Mun ɓata lokaci a banza, Zulai!"

"Ba a banza ba. Yanzu mun san ba nozul ba ne, a waya yake. Bi damin wayoyin da ya taso daga nozul, ka bi shi baya, kana girgiza shi kaɗan-kaɗan."

Maimakon haka sai na ji ƙarar filaya. Ya sake ɗaukar ƙusar. Ban ga laifinsa ba, ko a lokacin. Matarsa tana mutuwa a gabansa, ga abu a hannunsa da yake ganin zai iya tayar da mota. Na tattara abin da ya rage mini na murya na ce,

"In za ka sa ta, fara fitar da ni ka kwantar a ƙasa. Sannan ka sa."

Sai na ji Inna, a hankali, da muryar da take yi masa magana tun yana yaro.

"Sabi'u. Yi abin da ta ce."

Na ji ƙusar ta faɗi a kan dutse. Daga nan abubuwa suka fara yi mini nisa. Kunnuwana suna ƙara kamar an kunna injin niƙa a cikinsu, yankin saman da nake gani ya fara yin duhu daga gefe. Ina jin shi yana cewa nan fa, Inna tana cewa yana nan, nan fa, yana nan. Na riƙa cizon harshena don kada in tafi, don na san in na suma ba wanda zai gaya musu mataki na gaba. Can sai Inna ta ƙwala ihu.

"Ya lumshe! Ya dawo! Sake taɓa wurin, sake! Ya mutu, wallahi ya mutu!"

Wurin yana can bayan inji, a lungun da ke tsakaninsa da jikin mota, inda hannu ba ya shiga sai da ƙyar. Ya cusa hannu ya jawo. Abin da ya biyo hannunsa ɓawon gyaɗa ne, tafi guda, da tsummoki da gashin masara. Sheƙar ɓera. Sun cinye rigar damin wayoyin, sun gwaguye robar waya biyu. Ɗaya, mai kawo wuta, tagullarta a fili, ta narke ta manne da wani ƙarfe da ke riƙe damin. Ɗayar, ta nozul na uku, sili ɗaya ne ya rage yana riƙe da ita. Ita ce ɗingishin da na ji ina tankaɗe. Inna ta ga ɓawon gyaɗar a tafin ɗanta. Ta kau da kai.

Na ce ya kashe makulli, ya fere bakin wadda ta kusa tsinkewa ya murɗe su tare, ya naɗe kowace waya daban. Ya ce ba salatif a motar, ba kuma wuƙa. Na ce a buɗe jakar haihuwa. A ciki akwai sabuwar reza da na saya don yanke cibiya, da zaren ɗaure ta, da safar hannu ta roba da aka ce kowace mai ciki ta zo da ita. Da rezar ya fere wayar. Ya yayyanka safar ya nannaɗe su, ya ɗaure da zaren, ya ja damin nesa da ƙarfen ya ƙulle. Ya mayar da soket huɗun. Ya murza makulli mataki ɗaya, Inna ta ce ƙwan ko ja bai yi ba sai ɗan kaɗan. Saura fiyus. Na tambaye shi launin wanda ya ƙone tun farko, ya ce shuɗi. Na ce ya ciro shuɗi ɗan'uwansa daga wani gurbin.

"Wanne? Akwai na hon, akwai na abin share gilashi."

"Na hon," na ce.

Ban yi tunani ba, shi ne ya fara shiga kunnena. Ramin ya ɗan narke, sai da ya tokare fiyus ɗin da tsinken ashana. Ya murza sau ɗaya, ba ta kama ba. Ya murza na biyu, ta tashi, silinda huɗu cif, lafiyayyen sautin da ta yi kwana tara ba ta yi ba. Abbanki yana cewa minti ashirin muka yi a wurin. Inna ta ce ya fi awa. Ni ban sani ba.

Muka shiga Roni daidai an sallame Juma'a. Titi ya cika da mutane, da babura, da masu tallan rake, kowa yana tafiya a hankali yana gaisawa. Abbanki ya danna hon, ba sauti. Ya yi ta dukan sitiyari, sannan ya fitar da kai ta taga yana ihu, ku ba da hanya, mara lafiya, don Allah ku ba da hanya. Inna ta fitar da mayafinta tana kaɗawa. Mutane suna matsawa, amma sai wanda ya ji, sai wanda ya waiwayo. Ba a yi ruwa ba ranar, ko gajimare babu. Da na ce na abin share gilashi, da mun ratsa da hon. Wannan ma nawa ne, kuma masu magana a gidan suna ba su ma san da shi ba. Ke kaɗai na gaya wa.

Daga nan ban san komai ba sai guntu-guntu. Gado mai taya. Wata tana mari na a kumatu tana kiran sunana. An ce mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun kafin lokaci, jinin yana taruwa a ciki fiye da wanda yake fita. Abbanki ya ba da jini, yayata Rabi da ke aure a Kazaure ta zo a guje ta ba da nata. Aka yi aikin. Da na farka ran Asabar na lalubi cikina na ji shi a saɓe, na duba gefen gado ba komai. Inna tana zaune a tabarma. Ita ta gaya mini, ba ta bar wa kowa ba.

"Namiji ne. Bai zo da rai ba. An yi masa sutura jiya da la'asar. Ya yi kama da Ummi."

Ban gan shi ba. Ban yi kuka ba a ranar, ba ni da ruwan yin sa. Jinin bai tsaya duka ba, aka ƙara mini wani, ana ta auna fitsarina a wata leda ana girgiza kai. Ina ganin yadda Yaya Rabi take fita waje in za ta yi magana da likita. Ran Lahadi na kamo hannun wata dattijuwar nas da take gyara ruwan da ake ƙara mini, na ce mata mun tsaya a hanya, in da mun iso da wuri fa? Ta dube ni sosai.

"Ban sani ba, 'yata. Na ga wanda ya zo da wuri aka rasa, na ga wanda ya makara aka samu. Duk wanda ya ce miki ya sani, bai sani ba."

Da wannan amsar nake zaune har yau. Abbanki bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ran da ya koma gida, an ce shi kaɗai ya kwashe buhunan gyaɗar daga rumfar, bai bari kowa ya taya shi ba. Inna ba ta taɓa cewa laifina ne ba, amma in ana faɗa a gabanta ba ta ƙaryatawa, sai ta tashi ta bar wurin. Ni kuma ban taɓa ambaton gyaɗar a gidan nan ba. Ban rubuta miki don ki zaɓi wanda za ki ƙi ba. Mu ukun muna wurin, kowa da abin da ya ɗauko.

Ran Litinin da hantsi likitar ta shigo, wata 'yar siririya mai gilashi. Ta danna cikina, ta duba ƙunzugun da ke jikina, ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta ɗaga ledar fitsarin ta kalla a hasken taga. Ta daɗe tana karanta takardar da ke ƙarshen gado. Ina kallon bakinta kawai. Sannan ta cire gilashin ta ce,

"Jinin ya tsaya. Ƙodarki tana aiki, mahaifar ma mun bar miki ita. Kin fita daga haɗari, Zulaihatu. Kin tsira."

Yaya Rabi ta fashe da kuka. Inna ta kifa goshinta a tabarma. Abbanki, da yake tsaye a bakin ƙofa don ba a barin maza su shigo a lokacin, ya juya fuskarsa ga bango. Kowa yana alhamdulillahi, ni ma na faɗa, don gaskiya ne. A daidai lokacin na ji gaban rigata ya jiƙe, ɗumi yana gangarowa ta ɓangare biyu. Ruwan nono ne ya zo. Na jira likitar ta wuce gado na gaba, sannan na ce wa Yaya Rabi ta miƙo mini zani in ɗaure ƙirjina.